Shayin 'Yan Ƙwadago

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo tun jiya, na gan ku. Ba jan rai nake yi ba, shafin ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina ajiye waya don takaici. Ita kuma baiwar Allahn da ta rubuto cewa Shugaba ɗan'uwa ne na gari, ta gyara zama, yau ranarta ce.

*

Tun daga ƙofar asibiti har bakin siton yayanta, Mai Shayi ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Mata biyu a bakin famfo sun ce mata ya mai jiki, ta wuce su kamar ba da ita ake ba. Takalminta ya tsinke a hanya, ta bar shi nan ta ci gaba da ƙafa. Abu ɗaya ne ba ta saki ba, tsohon gwangwanin madarar da ta matse a hammata.

Shekara biyu ke nan wannan gwangwani yana hannunta. Tun da mijinta ya rasu yayanta ya ba ta aikin dafa wa 'yan ƙwadagonsa shayi, samari talatin da yake ɗiba gona-gona, noma ne, girbi ne, lodin buhuna ne. Shi ne wanda duk ƙauyen ke kira Shugaba. Kullum da sassafe takan ɗora babbar tukunya, ta sa ganyen shayi da citta da sukari, sannan ta auna farin garin da ke cikin gwangwanin ta juya. Ya ce mata bitamin ne na ƙarin jini. Ita kuwa har addu'a take masa, wai ga mutumin da ya damu da lafiyar yaransa.

Shekaranjiya ɗanta Dogo, shi kaɗai Allah ya bar mata, ya yanke jiki ya faɗi a gonar albasa da buhu a ka. Yana karkarwa, kumfa na fita, ya datse harshensa. Aka kwaso shi a baro.

Yau da safe malamar asibiti ta ja ta gefe.

"Mama, ɗanki shi ne na biyar daga ayarin Shugaba a wannan kakar. Duk suna rantsuwa ba sa shan komai, kuma na yarda da su. Me suke ci tare? Me suke sha tare?"

"Shayina kaɗai."

"Me kike sa masa?"

Ta lissafa. Da ta zo kan bitamin, malamar ta ce ta je ta ɗauko. Da ta kawo, malamar ta zuba kaɗan a farar takarda, ta baza da bayan biro, sai ga ɓurɓushin wani jan ɓawo ƙanana-ƙanana a ciki.

"Wannan ba bitamin ba ne. Ƙwaya ce aka daka aka cuɗa da garin madara. Irin ta kashe zafin ciwo, wadda ake ba wanda aka yi wa tiyata. Mama, ki saurare ni da kyau. A halin da Dogo yake ciki, in ya ƙara kurɓar ko rabin kofi ne, faɗuwa ta gaba ban ce zai tashi ba."

Maganar da ta biyo ta ke nan har bakin sito.

Ƙofar a buɗe take. Fartanya da lauje an jingine su jere a bango, buhunan banza a tare gefe guda. Daga ɗakin ciki, wanda kullum yake a kulle wai an ajiye maganin feshi, ana jin ƙarar ƙaramin turmi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Ba ta yi sallama ba. Da kafaɗa ta banke ƙyauren.

Matar yayanta ce zaune a kujera 'yar tsugunno, turmi tsakanin ƙafafunta, ga rariya, ga faranti. A gefenta katin ƙwaya ne da aka ɓare ya taru kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya fi tsaya wa Mai Shayi a rai kuwa shi ne ɗankwalin da matar ta naɗe hancinta da bakinta da shi, tam, kada ƙurar ta shige ta.

"Gwaggo!" Taɓaryar ta suɓuce mata. "Gwaggo, ashe kin dawo? Ya mai ji..."

"Rufe mini baki. Au, a rufe ma yake. Ke kin san darajar hancinki."

Shugaba yana zaune kan buhun taki, waya a hannu, tsinke a baki. Mutum ne mai jiki, mai taushin murya, wanda ba a taɓa riga shi zuwa dubiya ba. Jiya ma da ledar lemo ya je asibiti, ya dafa goshin Dogo, ya ce sai an haɗa da addu'a, wannan aikin iska ne.

Ya ɗago ya dube ta, ya dubi gwangwanin, sannan ya cire tsinken a hankali.

"Uwar Dogo, tura ƙofar nan."

"Ba zan tura ba."

"Ki tura mu yi magana irin ta 'yan'uwa."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Kin dai gani."

"Da bakinka nake so in ji. Mene ne na shekara biyu ina zuba wa 'ya'yan mutane?"

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka dama da ƙaramar magana yana tsakiyar babban aiki.

"Maganin gajiya ne."

"Ka ce mini bitamin."

"Da na ce miki maganin gajiya ne za ki fara tambayoyi. Na san halinki."

Ba kuka ne ya zo mata ba, wani irin baƙin ciki ne mai zafi ya taso mata.

"Shi ya sa! Ranar farko na ce maka yana da ɗaci, ka ce in cika citta in ƙara sukari. Ni na zama mai ɓoye maka ɗaci! Da cokali biyu muka fara, Yaya. Ka ce in mai da shi uku saboda rana ta yi zafi. Ka ce biyar saboda girbi. Yau bakwai nake zubawa. Bakwai! Ina zubawa ina bisimilla!"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Ɗana yana can kwance da harshe a kumbure, ko ruwa sai an ɗiga masa!"

"Dogo zai warke. Jikinsa ne bai da ƙwari."

"Jikinsa? Yaron da ke ɗaga buhu biyu?"

"To da me kike zaton yake ɗagawa?"

Ta tsaya tana kallonsa. Wallahi ko gezau bai yi ba. Sai ma ya gyara zama ya shiga yi mata bayani, yana ƙirgawa da yatsu, kamar mai koya wa yaro karatu.

"Ke kina tsaye gaban tukunya, ba ki san abin da ake ciki a waje ba. Mai gona ba ya jiran mai gajiya. Albasa in ta nuna, kwana uku ne, ko a cire ko ta ruɓe. Ayarin wancan ƙauyen gona biyu suke gamawa a yini. Nawa huɗu. Shi ya sa ake kirana ba a kiransu. Kin manta yaran nan kafin in tara su? Suna zaune gindin bishiya suna kallon motoci. Yau wanne ne bai da waya? Wanne ne bai rufa wa uwarsa asiri ba?"

"Da guba ka rufa."

"Kowa yana yi! Ki je tasha ki gani, a tire ake yawo da ita. Ni na ma fi su tausayi. Ban bar su suna watsa wa cikinsu yadda suka ga dama ba. Nawa da awo ne."

"Awo." Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ɗan maƙeri ma da awo ya tafi?"

Matarsa ta sunkuyar da kai.

Ɗan maƙeri, yaro ɗan shekara goma sha tara, bara aka tsince shi kife a magudanar ban-ruwa, ruwan da ko gwiwa bai kai ba. Aka ce aljanun wurin ne suka ja shi. Har yau uwarsa ba ta bin ta wannan hanyar.

"Kwanansa ne ya ƙare," in ji Shugaba.

"Faɗuwa ya yi irin ta Dogo, babu kowa kusa. Ka sani tun ranar. Ka sani, ka shiga gaban masu ɗaukar gawarsa kana share ido. Washegari ka ce mini in ƙara cokali, wai yara sun yi sanyi saboda rashin da aka yi!"

"Ke, ki iya bakinki."

"Ina ɗanka?"

Nan ne fuskarsa ta fara canzawa.

"Me ya kawo maganar ɗana?"

"Shi ma ai a ayarin yake, shi ke jan motar ɗibar kaya. Me ya sa kullum da filas ɗinsa yake zuwa daga gida?" Ta juya kan matar. "Ke kike dafa masa, ko ba haka ba? Kai kuma Yaya, ranar da ya manta filas ya miƙo mini kofi, ka taso daga inda kake ka buge kofin har ya ƙona masa hannu. Ka ce wannan haƙƙin ma'aikata ne, ɗan mai gida ba ya ci. Yaya, ranar har hawaye na yi. Na ce kai, ɗan'uwana akwai tsoron Allah. Na je ina ba mata labari a bakin famfo, ina yabonka!"

Ta matso gaban yayanta.

"Ka buge kofi a hannun naka. Nawa kuwa? Dogo da ke ce maka Kawu? Dogo da ka goya a kafaɗa? Kofi biyu yake sha, don ni uwarsa ce nake ƙara masa a ɓoye, ina ganin gata nake masa. Kana gani. Sau nawa ka gan ni ina ƙara masa?"

"Da na hana shi, sauran za su tambayi dalili."

Haka ya faɗa. Ku da kuke karantawa, haka ya faɗa, babu ko ɗar. Ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya a nan.

Mai Shayi ta matse gwangwanin a ƙirji.

"To ka ji. Daga nan wurin mai gari zan je. Daga can in bi gida-gida. Uwar kowane yaro sai ta ji daga bakina."

Ta juya za ta fita.

"Ki je," ya ce, muryarsa ta koma taushinta na da. "Amma kafin ki isa, ki shirya amsar tambaya ɗaya. Wa ke zubawa?"

Ta tsaya cak.

"Wa ya taɓa ganina da cokali? Wa ya taɓa ganina kusa da tukunya? Gwangwanin a ɗakin wa yake kwana? Shayin wa ake cewa, shayin Shugaba ko shayin Inna? Ki je ki gaya wa uwar ɗan maƙeri. Ki ce mata, ni ce na dama wa ɗanki abin da ya kashe shi, amma ban sani ba. Ki ga ko za ta tsaya jin ƙarshen maganar."

"Allah ya sani ban sani ba."

"Allah ya sani. Ita fa?"

Ta dafa bango. Ciki ɗaya suka fito da mutumin nan, nono ɗaya suka sha, shi ya riƙe hannunta ranar da aka binne uwarsu. Ashe tun ranar da ya miƙa mata aikin nan da sunan taimako ya riga ya zaɓi wadda za a jefa in abu ya ɓaci.

"Shi ya sa ka ba ni," ta ce a hankali. "Ba don maraicin Dogo ba. Don babu wanda zai zargi tsohuwa."

"Na ba ki don ki ci abinci. Kuma kin ci."

Ta yi hamma. Ba ta so ba, ta zo mata ne kawai, doguwa, har idonta ya kawo ruwa. Ta sa bakin mayafi ta goge hanci.

Shugaba ya ƙura mata ido, sai wani ɗan murmushi ya ɓullo masa.

"Tun da kika shigo, hammarki ta shida ke nan."

"Kwana biyu ban runtsa ba, ina jinya."

"Hancin fa? Gumin fa? Dubi hannunki."

"Zazzaɓi ne."

"Ƙasusuwanki suna ciwo kamar ana sara. Ƙafafunki sun ƙi zama wuri ɗaya. Cikinki yana murɗawa. Ƙarya nake?"

Ba ƙarya yake ba. Tun jiya take jin haka, har ta ce in ta samu sarari za ta roƙi malamar asibiti maganin zazzaɓi.

"Yaushe rabonki da shayin?"

"Ni ba na sha. Ɗanɗanawa nake, in ji sukari."

"Da farko."

Da farko ludayi ɗaya ne, don jin sukari. Daga baya rabin kofi, saboda sanyin safiya. Daga baya ta sayi ɗan ƙaramin filas tana rage na rana. Gwiwar da ta shekara goma tana damunta ta daina ciwo. Takan yi wanki, ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi surfe, ba ta ji komai ba. Mata suna cewa Mai Shayi ta koma yarinya, ita kuma tana cewa ikon Allah ne.

"Ka sani?" Muryarta da ƙyar ta fito.

"Tun watan farko."

"Ka san ina sha, ka ƙyale ni?"

"Gwiwarki ta daina ciwo. Ban ji kin yi ƙorafi ba."

"Allah ya isa, Yaya. Allah ya isa tsakanina da kai."

"Ya isa. Zauna kafin ki faɗi." Ya dubi matarsa. "Kawo mata."

Matar ta tashi sumui-sumui ta fita ta ƙofar baya, inda tukunya ke kan wuta. Kwana biyun nan ita ke dafawa, amma shayi ne zalla, don gwangwani yana kulle a ɗakin Mai Shayi, sabbin kayan kuma sai yau da hantsi suka iso. Ta dawo da kofi yana tururi. Shugaba da kansa ya ɗebi garin da ke faranti, ya zuba, ya juya. Karo na farko ke nan da ta taɓa ganin cokali a hannunsa.

Ya ajiye kofin a ƙasa, a gabanta.

"Sha. Minti goma jikinki zai dawo. Sai mu yi magana da hankali. Dogo zan kai shi babban asibiti da motata. Gobe ki ɗora tukunya, mu rage cokali ɗaya in hakan zai kwantar miki da rai. Babu wanda ya ji, babu wanda ya gani."

Ƙamshin cittar ya daki hancinta.

Abin kunya ne, amma sai an faɗa. Yawu ya cika mata baki. Duk jikinta, tun daga tafin ƙafa har gashin kai, ya karkata wajen kofin nan. Ɗanta yana kwance saboda shi, ta san abin da ke ciki, ta ga turmin da idonta, amma hannunta na dama ya fara sauka da kansa. Ta ji tsoron kanta fiye da yadda ta taɓa jin tsoron wani mahaluki.

"Gwaggo, ki sha mana," matar ta ce cikin raɗa. "Ba a bari lokaci ɗaya."

Wannan muryar ce ta farkar da ita, murya daga bayan ɗankwalin da har yanzu ba a kwance ba.

Ta ɗaga ƙafa ta yi ƙwallo da kofin. Ya bugi bango, shayin ya fantsama kan farar rigar Shugaba.

"Ke!" Ya miƙe tsaye.

"Taɓa ni. Don Allah taɓa ni, in samu abin nunawa."

Kafin ya yi magana, hayaniya ta taso daga waje. Takun ƙafafu da yawa, da ƙarar fartanya ana zubarwa a ƙasa.

"Inna! An ce Inna ta dawo!"

"Inna Mai Shayi!"

Rana ko tsakiya ba ta kai ba, amma ayarin ya baro gona.

Shugaba ya sha gabanta. "In kin fita kika buɗe baki, babu ni babu ke."

"Ai tun shekara biyu babu, ni ce ban sani ba."

Ta ture hannunsa ta fita.

Suna tsaye cike da filin gaban sito, su kusan talatin. Ta san kowannensu. Wasu tana ɗakin aka haife su, wasu ta goya su ranar da iyayensu suka tafi kasuwa. Yau ta dube su da idon da malamar asibiti ta buɗe mata, sai ta ga abin da ta shekara biyu tana kallo ba ta gani. Kumatu sun faɗa. Idanu sun yi zuru-zuru. Wannan yana sosa wuya, wancan yana tsugune ya riƙe ciki, wani yana ta hamma yana share majina da bayan hannu. Samari majiya ƙarfi sun koma kamar kajin da ruwa ya daka.

Gajere, wanda ya fi kowa baki a ayarin, shi ya matso.

"Inna, ya jikin Dogo? Allah ya ba shi lafiya. Inna, wallahi kwana biyun nan mun sha wuya. Na matar Shugaba ruwan zafi ne kawai. Ko kunya ɗaya mun kasa gamawa. Hannunki daban ne, Inna."

"Hannuna daban ne," ta maimaita.

Ta hau dakalin sito, ta ɗaga gwangwanin sama yadda kowa zai gani.

"'Ya'yana, ku saurare ni. Ba hannuna ba ne. Wannan ne. Ƙwaya ce! Ƙwaya ake dakawa a ɗakin can, ga turmin nan, ku shiga ku gani. Shekara biyu Shugabanku yana ba ni da sunan bitamin, ni kuma ina zuba muku. Ita ta kayar da Dogo. Ita ta kayar da 'yan'uwanku huɗu. Ita ta kashe ɗan maƙeri a ruwan da bai kai gwiwa ba! Ciwon da kuke ji yau ba gajiya ba ce, jikinku ne ke nemanta. Ni ma ga ni, ta kama ni. Ku yafe mini, da hannuna na ba ku. Wanda zai jefe ni ya jefe ni, amma ku fara da sanin wanda ya sayar da ku!"



Ta rufe ido tana jira. Ta ɗauka za ta ji ihu. Ta ɗauka za su ɗebi fartanyun nan su yi kan sito, har tana tunanin yadda za ta hana su kisa. Ko dutse ne ya same ta a goshi, ta shirya.

Shiru.

Ta buɗe ido. Babu mai kallon ƙofar sito, inda Shugaba ya fito ya tsaya yana goge rigarsa. Babu mai kallon fuskarta. Idanun samarin nan, duk a kan gwangwanin suke.

Gajere ya lashi leɓe.

"Inna... yanzu dai akwai saura a ciki?"

"Me ka ce?"

"A'a, wai... tunda dai an riga an daka."

"Gajere! Ba ka ji abin da na faɗa ba? Na ce ita ta kashe abokinka!"

"Mun ji, Inna. Wallahi mun ji, kuma abin bai yi daɗi ba." Ya share gumi. "Ki dafa mana na yau kawai. Mu samu mu tsaya da ƙafafunmu. Gobe sai a zauna a yi maganar."

"Na yau kawai, Inna," wani ya ce daga baya.

"Ko ba sukari."

"Ko a ruwan sanyi ne, ki kaɗa mana."

Suka fara matsowa. Ba da faɗa ba, da roƙo, hannuwa a miƙe. Wannan ya fi mata jifa ciwo. Ta ja da baya har bayanta ya bugi bango, hawayen da ta riƙe tun safe suka ɓalle.

"Kun gani?" Ta juya kan yayanta tana ihu. "Ka ga abin da ka mai da 'ya'yan mutane? Ka gani, azzalumi?"

Shugaba ya mai da tsinkensa baki.

"Ni ban ce komai ba. Ke da 'ya'yanki ne."

Ta rungume gwangwanin da hannu biyu. Ta rantse a ranta, sai dai su karya ta, amma wannan garin ba zai sake shiga cikin ɗan kowa ba. Za ta kai shi gaban mai gari ko da rarrafe ne.

Sai ta ga na baya suna darewa, suna ba wani hanya.

Yana tafe yana tangaɗi, ba takalmi, rigarsa a buɗe. Jini yana bin hannunsa daga inda ya fizge allurar ƙarin ruwa, yana ɗiga a ƙasa. Tun daga asibiti ya biyo sawunta a haka.

"Dogo!" Muryarta ta tsage. "Wa ya bar ka ka fito? Koma! Ku riƙe shi, ku mai da shi!"

Babu wanda ya motsa.

Ya iso gaban dakalin, ya durƙusa, ya kama ƙafarta da hannun nan mai jini. Ya ɗago ido. Harshensa a kumbure, maganar da ƙyar take fita, amma ta ji kowace kalma.

"Inna... in kina ƙaunata... ko rabin kofi."